Layin ruwan ɗorawa a bakin gudron: ina aka hana tsayawa, ina aka hana ajiye mota?

Yau maganar fentin bakin hanya za mu yi. Tun da aka shiga zagayawa da bikin 18 ga Disamba jiha jiha, garuruwanmu suka samu sabon gudron: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Yamai ma ta samu nata rabon kafin taron shugabannin Afirka na watan Yulin 2019. Tare da gudron ɗin aka zo da dakalin bakin hanya, da alluna, da layuka farare da masu launi. Mutane da yawa sun ɗauke su ado ne, sunan bikin Maraɗi ma kamar ya ba su gaskiya. To amma duk layin da aka ja a kan hanya magana ce aka rubuta wa mai tuƙi, kuma mai ruwan ɗorawa shi ne ya fi jawo gardama tsakanin direba da ɗan sanda.

Kafin mu kai ga fentin, sai mun raba abu biyu da bakinmu ya saba haɗawa. Bahaushe zai ce "na tsaya", ko minti ɗaya ya yi ko yini guda. Dokar hanya ba ta haɗa su ba. Littafin kod da ake koyarwa a makarantun tuƙi na ƙasarmu, wanda tushensa na Faransa ne, yana da kalma biyu: arrêt da stationnement. Mu ce tsayawa da ajiye mota, abin da wasu ke kira fakin. Wannan rabon ba Faransa kaɗai ta san shi ba, yana cikin yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da ƙasashe suka ƙulla a birnin Biyana a 1968.

Tsayawa ita ce ka dakata gwargwadon lokacin da mutum zai hau ko ya sauka, ko a loda kaya ko a sauke, kai kuma direba kana kan sitiyari, ko kana dab da motar yadda in an ce ka gusa za ka gusa nan take. Sharaɗi biyu ke nan: aikin da ya tsayar da kai, da kasancewarka a wurin. In ɗaya ya faɗi, to ka ajiye mota. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Wanda ya rufe mota ya shiga kanti sayen kati, ko da minti biyu ya yi, ajiyewa ya yi, domin ba ya kusa. Wanda kuma yake zaune cikin mota, inji na aiki, yana jiran matarsa ta gama cefane, shi ma ajiyewa ya yi, domin babu mai hawa babu mai sauka. Haka wanda ya ratse gefe don ya amsa waya. Barin inji a kunne ba ya mayar da fakin tsayawa, kunna fitilun nan huɗu masu ƙyaftawa ma ba ya yi. A ɗaya gefen kuma, mai kamiyon da yake sauke buhu hamsin na siminti, ko ya kai rabin awa, in dai ana saukewar kuma yana nan, tsayawa ce. Kun ga ke nan ba a agogo ake auna ta ba.

To yanzu ga layukan. A wannan tsari, ana jan layin ruwan ɗorawa a kan dakalin bakin hanya ko a gefen kwaltar dab da shi, kuma yana hukunci a ɓangaren da aka ja shi kawai, daga inda ya faro zuwa inda ya ƙare. In layin ɗaya ne miƙaƙƙe, ba yankewa, an hana duka biyu: ba tsayawa, ba ajiyewa. Ko fasinja ba a saukewa a nan. In kuwa layin a yanke yake, guntu guntu da tazara tsakani, ajiyewa ce aka hana, tsayawa an yarda. Ka sauke tsohuwa da ƙunshinta, ka ɗauki wanda ya tare ka, ka wuce. Hanyar tunawa mai sauƙi ce: layin da ya bar ƙofa ya ba ka izinin leƙawa, wanda ya rufe ruf bai ba ka komai ba.

Waɗannan biyun suna da ƴan uwa a cikin alluna. Allon nan mai da'ira, cikinsa shuɗi, bakinsa ja: in sanda ɗaya ce ja ta ratsa shi a karkace, daidai yake da yankakken layi, wato ba a ajiye mota. In sanda biyu ce suka gicciye, daidai yake da miƙaƙƙen layi. Sau da yawa akan sa allon da fentin tare, don in ɗaya ya ɓace ɗaya ya yi magana. Wani lokaci akwai ƙaramin allo a ƙarƙashi da ke faɗin awoyi ko ranakun da hanin ke aiki. Wanda bai iya karatun boko ba, ya dubi lambobin, su ne awoyin.

Akwai na uku, mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji a rairayi. Wannan wurin tsayawar bas ne na haya, an keɓe masa. Ɗan taksi ko mai motar gida ba shi da hurumi a ciki. Sai kuma akwati da aka zana da ruwan ɗorawa, da gicciye a tsakiya: wurin lodi da sauke kaya ne, galibi gaban kantuna da kasuwa. Mai kaya ya shiga ya sauke ya fita. Wanda ya mayar da shi garejinsa ya tare wa wani abincinsa, domin mai kamiyon da ya rasa wurin sai ya tsaya a tsakiyar hanya, sauran labarin kun san shi.

Tambayar da ƴan kabu-kabu da ƴan adaidaita suka fi yi ita ce, wai mu ma da mu? E, da ku. Doka abin hawa ta ce, ba ta ce mota ba. Babur, adaidaita, har amalanken jaki da na shanu da ke shigowa gari ranar kasuwa, duk layin ya hau kansu. Babur ɗaya ba ya cin wuri, gaskiya ne, amma a ina kuka taɓa ganin ɗan kabu-kabu ɗaya a bakin kasuwa? Inda ɗaya ya kafa, kafin a jima sun zama ashirin, hanyar mota biyu ta koma ta ɗaya.

Me ya sa ake zaɓen wasu wurare a hana? Mafi yawa maganar gani ce. Ku ɗauki ƙofar lakwal lokacin tashi. Yaro ɗan shekara bakwai bai kai tsayin motar hiyas ba. In hiyas ta tsaya dab da ƙofar, yaron da ya fito a guje ba ya ganin mai zuwa, mai zuwa ma ba ya ganinsa, sai sun haɗu. Malaman tuƙi suna da wani lissafi na kai da suke koya wa ɗalibai: ka ɗauki lambar farko ta gudunka ka ninka ta da kanta, shi ne kimanin mitocin da za ka ci kafin mota ta tsaya cik a busasshiyar kwalta. Mai gudun kilomita 50 a awa, biyar sau biyar, mita 25. Yaron kuwa a mita biyar ya ɓullo. Direban da ya buge shi za a kama, amma wanda ya ajiye hiyas ɗin shi ya rufe wa kowa ido. Haka abin yake a bakin mararraba, da ƙofar asibiti inda motar marasa lafiya ke bukatar shiga ba tare da roƙon kowa ba, da ƙofar ƴan kwana-kwana.

Mu fita gari kaɗan, don a can ne abin ya fi cin rai, kuma a can ne mafi yawan masu saurarenmu suke. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram har Difa, ta ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni masu yawa. Lokacin albasa a Galmi, ko ranar kasuwa a duk wani gari na bakin gudron, za ka ga kamiyo a dama, kamiyo a hagu, masu talla a tsakani. A irin waɗannan wurare sau da yawa babu fenti ko ɗigo. Rashin fenti kuwa bai zama izini ba. Akwai wuraren da doka ta hana da kanta, ko an ja layi ko ba a ja ba: kan gada, cikin kwana, kan tudu inda mai tahowa ba ya hango gabansa, bakin mararraba, kan wurin tsallakawar masu ƙafa, ƙofar da motar wani ke fita, da jerawa kusa da wata motar da ta riga ta tsaya. A wajen gari ƙa'idar ita ce ka sauka daga kwalta gaba ɗaya in akwai hali, ƙafa huɗu a ƙasa. Sauke ƙafa biyu a bar biyu a kan gudron, wanda shi ne al'adarmu, rabin motar yana nan a hanyar mutane.

Ku sake yin lissafin nan da dare. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Tara sau tara, mita 81 kafin ya tsaya. Ƙaramar fitila, wadda ake komawa in an yi kiciɓis da wata mota, abin da aka ɗora mata ta haska shi ne mita 30. To a ce tirela ta lalace a kan kwalta, ba fitilar baya, ƙura ta rufe abin ƙyallin da ke jikinta. Mai hiyas ɗin da ya taho da mutum goma sha tara zai gan ta a mita 30, yana bukatar 81. Ko ya fi kowa iya tuƙi, lissafin bai ba shi ba. Wannan ne ya sa aka ce a aje alamar nan mai kusurwa uku aƙalla mita 30 a bayan motar da ta lalace, a ƙara nisa in kwana ce ko tudu, yadda mai zuwa zai gan ta kafin ya shiga kwanar. Ganyen da yaran mota ke karyowa su jera ya fi babu da rana. Da dare ganye ba ya ƙyalli. Kuma don Allah in an gyara mota a kwashe ganyen da duwatsun da aka tokare taya da su. Dutsen da aka bari a kan gudron ya kayar da masu babur ba adadi.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ganin ruwan ɗorawa a tsakiyar hanya maimakon gefe. A tsarin Faransa wannan layin wucin gadi ne na wurin da ake aikin hanya. In ka ga fari da rawaya sun saɓa, rawayan za ka bi, shi ne sabon umurni har a gama aiki. Ba ruwansa da maganar fakin. Haka dakalin da aka yi wa fenti baƙi da rawaya ko baƙi da fari bi da bi, a shataletale, ko kan gada, ko tsibirin da ya raba hanya biyu: babban aikinsa direba ya hango dakalin da dare kada ya hau. Sai dai kusan duk inda ake yin irinsa wuri ne da tun asali ba a ajiye mota, saboda haka kada wani ya ce ai wannan ado ne, bari in kafa a nan.

Yanzu ga ƴan uwanmu na waje, da masu shirin zuwa. Abin da za ku riƙe shi ne launin ɗaya ne amma kowace ƙasa da abin da take nufi da shi, kuma can ba a gardama da ɗan sanda a bakin hanya, takarda ce za ta iske mutum a gida.

A Faransa ma'anar ita ce wadda muka faɗa. Tarar tsayawa a inda aka hana Yuro 35 ce, kusan jika 23 na sefa, tunda Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai. In laifin ya fi nauyi, kamar ajiye mota kan wurin tsallakawar masu ƙafa, ko kan hanyar keke, ko wurin da aka keɓe wa naƙasassu, Yuro 135 ce, jika 88 da rabi. In aka ce ajiyewar mai haɗari ce, kamar cikin kwana, ban da Yuro 135 za a cire maki 3 daga cikin 12 na permi. Wanda ya yi sakaci kwana 45 suka wuce bai biya ba, 35 ta koma 75, 135 ta koma 375, wato kusan jika 246. Nan gida kuɗin buhunan hatsi nawa ke nan? Ana iya kuma jan motar zuwa furiyar, inda ake tsare motocin da aka kama, kuɗin ja daban, kuɗin kwana daban. Wani abin da baƙo ya kamata ya sani: tarar fakin tana zuwa ne ga wanda sunansa ke kan takardar mota. In ka ari motar ɗan uwanka ka kafa ta a kan layi, shi za a aiko wa, zumunci kuma ya sha wuya. A birnin Paris akwatin sauke kaya iri biyu ne. Mai yankakken layi ana iya ajiye mota a ciki da dare, da ranar Lahadi da ranakun hutu. Mai layi biyu miƙaƙƙu na masu kaya ne dare da rana. Kuma, abin da zai ba mutumin Maraɗi mamaki, a Faransa ko ƙofar garejinka ce ba ka da izinin ajiye mota a gabanta, don hanyar ta jama'a ce.

Beljiyam, inda ƴan Nijar suke da yawa, yankakken layin rawaya a kan dakali hana ajiyewa yake, kamar Faransa. Layin wurin aikin hanya kuwa a can ruwan lemo ne. Jamus ta bar rawaya ga wurin aiki, hanin fakin da alluna take yinsa da farin layi mai lanƙwasa. Ita ce kuma ƙasar da ta sa agogo a maganar: ka wuce minti 3 a tsaye, ko ka bar motar, to ka yi fakin. A Italiya akwatin rawaya na waɗanda aka keɓe wa ne, shuɗi na biya ne, fari kyauta.

Ingila ce tarkon wanda ya koyi kod a Yamai. Can layi ɗaya miƙaƙƙe bai kai zafin namu ba: yana hana ajiyewa ne a wasu awoyi kawai, waɗanda aka rubuta a ƙaramin allo kusa ko a mashigar unguwar. Layi biyu a jere su ne hani na kowane lokaci, amma ko a kansu an yarda ka sauke mutum ko ka ɗauka. Maganar kaya kuma, ƴan gajerun zane ne na rawaya a kan dakalin ke faɗa: biyu, ba a lodi ko yaushe, ɗaya, ba a lodi a awoyin da aka rubuta. Hanin tsayawa gaba ɗaya, wanda mu muke ba wa rawaya, a manyan titunan Landan jan layi ne.

A Amurka rawayan da za ka fara gani a tsakiyar titi yake, yana raba masu tafiya da masu dawowa, kuma na dindindin ne. Fentin dakali kuwa kowace jiha da kowane gari da nasa. A Kalifoniya rawaya na lodi da saukewa ne, ja shi ne hani. A birnin New York allo ake karantawa, kuma ba a ajiye mota ƙasa da taku 15, kimanin mita huɗu da rabi, daga famfon ƴan kwana-kwana. Wanda ya sauka Greensboro ko wani gari, ya nemi ɗan littafin tuƙi na jiharsa ya duba, kada ya dogara da abin da ya sani daga gida.

Mu dawo gida. Ƙasarmu tana da dokar hanya ta 2014, tana da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER, kuma a cikin gari hukumar magajin gari ce ke tsara inda za a tsaya da inda ba za a tsaya ba. A ganina, a nan direba ba shi kaɗai ke da alhaki ba. Fentin hanya ba ya daɗewa a ƙasar rana da rairayi. Iskar hunturu ta kwaso yashi ta tara a gindin dakali, daidai inda layin yake, damina ta zo ta ƙara laka. Shekara biyu uku, sai wanda ya san da layin ne kawai zai ce akwai shi. In ana son a kama mutum da laifin taka layi, to a share yashin, a sabunta fentin, a kafa allo. Kuma hani ba ya tafiya shi kaɗai. In aka hana ɗan adaidaita tsayawa a ƙofar kasuwa ba a nuna masa inda zai tsaya ba, gobe zai dawo, domin fasinjansa a nan yake. Layi miƙaƙƙe a bakin ƙofa, yankakke ɗan gaba kaɗan inda za a sauke mutane, da fili na masu jira: sai an haɗa ukun abin ke zama.

Akwai kuma masu kanti da masu gida da ke sayen gwangwanin fenti su ja nasu layin a gaban ƙofa, ko su jera tayu da benci da duwatsu. Ana gane damuwarsu, ba mai son a toshe masa ƙofar neman abinci. Amma layin da hukuma ba ta ja ba ba shi da ƙarfin doka, kuma yana rage wa na gaskiya kwarjini, don in rawaya ta cika gari ba mai sake kula ta. Mai wannan matsala ya kai kukansa ma'aikatar magajin gari.

In kuma aka tsayar da kai aka ce ka taka, kada ka tsaya cacar baki a tsakiyar hanya, ka fara gusar da abin hawan. Ka tambaya cikin ladabi a nuna maka layin ko allon, ko a faɗa maka wace ƙa'ida ce, tunda mun ga akwai wuraren da ba sa bukatar fenti. In tara ce, ka biya inda ake biya, ka karɓi takardar shaidar biya mai hatimi, ka adana ta tare da takardun mota. In an kai abin hawan furiyar, ka je da permi da takardar mota da ta inshora tun ranar, kada ka bari ya kwana biyu.